Daga Zangon Fatake Zuwa Zangon Batir: Tarihin Jira a Hanyar Illo

A wannan makon za mu leƙa ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi, inda Najeriya ta yi iyaka da Jamhuriyar Benin, mu bi sawun wata tsohuwar tambaya ta matafiya: idan abin hawa ya gaji, a ina zai huta, kuma har yaushe za a jira shi?

A ƙarni na 19, ayarin fataken goro da ke zuwa Gwanja sukan ƙetare kogin Kwara a wasu mashigai, kuma Illo na cikinsu. Daga nan su ratsa ƙasar Bargu har su kai kasuwar Salaga. Jaki ne motar wancan zamani, shi ya sa madugu yake auna tafiyarsa da zango, wato inda dabbobi za su sami ruwa da ciyawa. A 1898 Ingila da Faransa suka raba Bargu biyu: Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa da Illo suka faɗa hannun Ingila. Iyakar da ke tsakanin Tsamiya da Segbana a yau gadon wannan rabo ce.

Shekara guda bayan haka, a 1899, wani ɗan ƙasar Beljiyam mai suna Camille Jenatzy ya zama na farko da ya wuce gudun kilomita 100 a awa cikin mota, kuma motar tasa ta lantarki ce. Ke nan ba sabuwar aba ba ce. Babban abin da ya kayar da ita shi ne jira: batirin dalma yana da nauyi, cajinsa na cin awoyi, alhali tankin fetur na cika cikin mintuna. Da Ford ya fito da motarsa mai araha a 1908, sai fetur ya ci kasuwa.

A yankinmu fetur ya zo da nasa zangon. Tallafin gwamnati ya sa ya fi arha a Najeriya, sai jarkoki suka riƙa tsallakawa Benin, inda ake sayar da shi a kwalabe a bakin titi da sunan kpayo. A watan Agustan 2019 gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa, a Nuwamba kuma hukumar kwastan ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Mai fasa-ƙwauri aka nufa, amma ɗan kabu-kabu da manomin rani mai injin ban ruwa su ma sun ɗanɗana kuɗarsu. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafi, cikin 'yan kwanaki farashin lita ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500.

Batirin litiyam kuwa kamfanin Sony ne ya fara fito da shi kasuwa a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro jihar Kebbi. Ta wayar hannu ya shigo mana, kuma shagon cajin waya mai ƙaramin janareta shi ne zangon batir na farko da muka sani. Akwai ma ɗan gida a labarin. Jelani Aliyu, mutumin Sakkwato, ya yi karatun zanen gine-gine a kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi kafin ya tafi Amurka, inda ya zana surar motar Chevrolet Volt. A zamanin da yake shugabantar hukumar NADDC aka buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 2021.

Yanzu duniya ta tashi tsaye kan matsalar jira. A watan Maris na 2025 kamfanin BYD na ƙasar Sin ya sanar da caja mai ƙarfin kilowat 1,000, wadda ya ce tana ba mota tafiyar kilomita 400 cikin minti biyar. Sai dai mu yi lissafi: ƙaramin janaretan shagon aski ba ya kai kilowat ɗaya, ke nan caja guda na jan wutar irinsa fiye da dubu. Ga kuma zafi: caji mai sauri na ɗumama batir, zafi na tsufar da shi, mu kuwa a bazara mukan haura digiri 40.

Don haka muna ganin darasinmu yana tsallaken iyaka. Tun 2022 kamfanin da yanzu ake kira Spiro ya baza baburan lantarki a Benin da Togo. Ɗan acaɓan Kwatano ba ya zaman jiran caji: ya miƙa batirin da ya ƙare, a ba shi cikakke, ya biya ya wuce. Rumfa irin wannan, da farantan sola a kan rufinta, ta fi kusa da aljihun Bagudo da Ka'oje fiye da cajar BYD. Amma mai rumfa shi ne mai batir, kuma shi ke yanka farashi. Idan matasanmu ba su koyi gyara da haɗa waɗannan kaya ba, ɗan bumburutu zai rasa sana'a, riba kuma ta tafi wani wuri.

A nan aikinmu yake. Labarin fatake ya fi yawa a littattafan baƙi, domin kakanninmu da suka yi tafiyar kaɗan ne suka rubuta. Zamanin jarka yana gaban idonmu, masu shi suna raye. Wanda ke kusa da Tsamiya, Lolo ko Illo ya zauna da tsohon direba, da mai kwalekwale, da mai cajin waya, ya tambaye su shekara da farashi da sunan wuri, ya rubuta yadda suka faɗa. Da zafi-zafi ake bugun ƙarfe. Mu haɗu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.