Gyaran Gem a Kawo, Daga Zamanin Kaset Zuwa Yau

Mu masu gyaran gem a Kawo ta Kaduna, yawancinmu daga teburin gyaran rediyo da talabijin muka fito. Babu makarantar da ta koyar da sana'ar. Yaro zai shigo da 'yar na'ura a leda, maigida ya jujjuya ta, ya ce wannan kayan wasan yara ne, ya miƙa wa yaron shago. Mu ne yaran shagon, kuma a kan abin da manya suka raina muka koyi riƙe ƙarfen dalma.

Wanda ya fara cika gari shi ne Famili Gem. Asalinsa Famicom ne, wanda kamfanin Nintendo ya fitar a Japan a 1983, sai dai na asalin kaɗan ne ya tako ƙasar nan. Da gwamnatin Janar Babangida ta kawo tsarin tattalin arziki na SAP a 1986, Naira ta faɗi, sabon kayan waje ya fi ƙarfin ma'aikaci. Sai kwaikwayonsa ƙirar Taiwan, daga baya ƙirar Sin, suka cike gurbin. Daga kasuwar Alaba ta Legas da Sabon Garin Kano suke zuwa babbar kasuwar Kaduna, wadda yanzu ake kira Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. Kawo kuwa ita ce ƙofar gari ta arewa. Mai zuwa daga hanyar Zariya a tasharmu yake sauka, don haka gem ɗin da ya lalace a ƙauyukan hanya kan fara biyowa ta hannunmu kafin ya shiga cikin gari.

Kaset ɗin rawaya ne, an rubuta wasa 9999 a jikinsa, alhali 'yan wasanni ne ake ta maimaitawa: Mario, Contra, yaƙin tankoki, harbin agwagwa. Ciwon na'urar kusan ɗaya ne, wato wuta. Adafta ta ƙone, a samo wata da ba tata ba a cusa, sai ɗan ƙarfen nan mai ƙafa uku, 7805, mai daidaita wutar zuwa bolt 5, ya mutu. Canza shi ne darasin farko na kowane yaro. Ƙirar Taiwan ta farko tana da daɗin aiki, domin kowane cif zaman kansa yake a kan fanel, ana cire shi a sa wani. Na baya kuwa an tattara komai ƙarƙashin ɗigon baƙin danƙo guda, idan ya mutu shi ke nan. Mun kuma daɗe muna fama da masu hura kaset da baki. Damshin numfashi ne ke cinye haƙoran kaset a hankali, alhali auduga da sifirit sun wadatar.

Sega Mega Drive, wadda ta fito a 1988, ita ta buɗe gidajen gem sosai: benci, talabijin ɗaya, labule a ƙofa, Mortal Kombat tun hantsi, wanda aka cinye ya miƙa hannu ga na gaba. Abincinmu a lokacin a hannun gem yake. Robar ƙarƙashin maɓalli ta yage, waya ta tsinke ta ciki, mu yanke mu sake haɗawa har ta gajarce.

Amma sana'ar ba ta zama sana'a ba sai da PlayStation ta iso. Sony ta fitar da ita a Japan a Disamban 1994, mu kuma ta same mu a matsayin gwanjo, kowace da larurar ƙasar da ta fito. Ta Japan wutar bolt 100 take sha, ta Amurka 120, tamu kuwa 230. Mutum ya saya da murna, ya je gida ya jona kai tsaye ba tare da taransifoma mai rage wuta ba, ƙauri ya tashi. In ta tsira daga wannan, sai hoto ya fito fari da baƙi, saboda talabijin ɗinmu tsarin PAL ne, nasu NTSC. Sannan ga faifai: na asali ya fi ƙarfin aljihun kowa, na kwafi kuma na'urar ba ta karɓa sai an dasa mata cif. Dasa cif shi ne jarabawar gwani. Wayoyi ne sirara, a kan wuraren da ba su kai ƙwayar gero ba, hannu ya ɗan yi rawa ka kashe wa mutum jarinsa. Ido kuma, wato gilashin da ke karanta faifai, ƙurar hunturu da aikin dare da rana ke gajiyar da shi. Duk wanda ya zauna gidan gem a lokacin ya ga PlayStation a kife, cikinta a sama, don ta samu ta karanta.

Ƙwallo ce ta riƙe kasuwar. Winning Eleven na kamfanin Konami, da mai sharhinsa na Japananci, ya zo daidai lokacin da Najeriya ke tashe bayan cin zinaren ƙwallo a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996. Kowa na son ɗaukar Najeriya saboda Tijjani Babangida, haifaffen Kaduna, wanda a wasan in ya ja ƙwallo ta gefe ba mai kamo shi. Yaron Hayin Banki ko Unguwar Dosa yana murza ɗan garinsu a na'urar da aka ƙera a Japan. Ni dai har yau ina ganin wannan ya isa a rubuta shi a tarihin garin nan.

PlayStation 2 ta fito a 2000, an sayar da fiye da miliyan 150 a duniya, kuma ba na'urar da ta ciyar da mu kamarta. Da idanunta suka fara ƙarewa, sai dabarar Free McBoot ta zo: a zuba manhaja a memori, wasa ya tashi daga filash ko hadis, ba ruwanka da faifai. Wannan ya ƙara wa na'urori masu yawa shekaru, har yau akwai gidajen da ita ke aiki.

Wayar salula da ta shigo a 2001 ta janye yawancin abokan aikinmu, domin can kuɗin yake. Daga baya wayar ta janye yaran su ma.

Abin da ke damuna yanzu shi ne inda tsofaffin na'urorin suke tafiya. A Amurka, a Yulin 2021, an yi gwanjon kaset ɗaya na Super Mario 64 da ba a taɓa buɗewa ba a kan dala miliyan 1.56. Mu a nan 'yan jari-bola ne ke saye a kan sikeli, su fasa su cire jan ƙarfe. Ba na cewa namu zai yi irin wancan kuɗin. Ba zai yi ba, domin masu tarawa na waje sabo fil suke nema, namu kuwa duk sun sha dalma. Amma Famili Gem ƙirar Taiwan da PlayStation mai cif da hannun da aka ɗaure da salatif su ne shaidar yadda muka yi wasa da yadda muka yi sana'a, kuma babu wanda zai adana mana su a wata ƙasa. Masu tarawa a nan 'yan kaɗan ne, yawanci magidanta da ke son nuna wa 'ya'yansu abin da suka taso da shi. Sukan zaga kasuwar Talata ta Kawo da Kasuwar Barci suna duba tarkacen lantarki. Talabijin mai ƙeya ma sai an nema, kuma bindigar harbin agwagwa ba ta aiki da na bango.

Don haka in kana da tsohon gem a ƙarƙashin gado ko a sito, kada ka jona shi da kowace adafta don gwaji. In mai batir ne, cire batirin yau, domin ruwansa na cin fanel. Kaɗe ƙurar, haɗa shi da kaset da wayoyinsa a kwali, ka ajiye inda damina ba za ta taɓa shi ba. Kafin ka miƙa wa mai sikeli, kai wa mai gyara ya duba. Da yawansu kafasita biyu ko uku kawai suke buƙata su tashi.