Doka da Kasuwa: Tarihin Giya da Gidajen Abinci a Birnin Portland

Birnin Portland yana bakin Tekun Atlantika ne, cikin jihar Maine, a kusurwar arewa maso gabashin Amurka. Ba babban birni ba ne, domin ƙidayar 2020 ta nuna mazaunansa ba su wuce 68,000 da 'yan kai ba. Amma duk mai nazarin tarihin birane zai sami abin lura a cikinsa: daga nan ne aka fara yunƙurin da ya haramta sayar da barasa a jiha guda sukutum, ga shi kuwa a yau da ƙananan madafan giya da gidajen abinci aka fi saninsa. Makasudin wannan lacca shi ne a bi diddigin yadda wannan juyi ya faru, a kuma nuna cewa tashar jiragen ruwa, da tambayar wane ne ke cin moriyarta, su ne ƙashin bayan labarin.

Tun farkon ƙarni na 19 arzikin Portland ya dogara ga ciniki da tsibiran Karibiyan, musamman Kyuba. Jirage kan tashi da katako da kifi da gangunan itace, su komo da sukari da maɗin rake. Da wannan maɗi ake tace barasar da ake kira ram. Saboda arharta sai ta zama abin sha na yau da kullum ga matuƙan jirage da 'yan dako, har masu gidan aiki kan ba ma'aikatansu ita a tsakar aiki. Watau barasa ba baƙuwa ba ce a garin, 'yar gida ce da kasuwancin teku ya haifa.

A cikin wannan hali Neal Dow ya taso. Attajiri ne mai masana'antar jima, wanda ya ga yadda shaye-shaye ke cinye albashin ma'aikata, yana jefa iyalansu cikin talauci. Da ya zama magajin gari a 1851, sai ya matsa wa majalisar jiha lamba har ta zartar da dokar da ta hana yin barasa da sayar da ita, sai dai don magani ko aikin masana'antu. Kafin 1855 fiye da jihohi 10 sun kwaikwayi wannan doka.

Sai dai kafa doka daban, samun yardar jama'a daban. Baƙin da suka yi ƙaura daga Ailan, waɗanda su ne akasarin leburorin tasha, sun ɗauka cewa su aka nufa da ita. Ran 2 ga watan Yuni 1855 labari ya bazu cewa an ajiye barasa ta dala 1,600 a ginin majalisar gari da sunan magani. Jama'a suka yi cincirindo a ƙofar ginin, Dow ya ba dakaru umurnin buɗe wuta, mutum ɗaya ya mutu, bakwai suka ji rauni. Aka soke dokar a 1856, aka maido ta a 1858, sa'an nan aka shigar da ita cikin tsarin mulkin jihar a 1884. Ba a ɗage ta ba sai 1934, bayan da haramcin ƙasa baki ɗaya, wanda ya fara aiki a 1920, ya ƙare a 1933. Cikin waɗannan shekaru madafan giya na fili sun mutu, amma fasa-ƙwauri ta teku da ta iyakar Kanada bai tsaya ba.

Ita kuma tashar tana da nata tarihin hawa da sauka. Gobarar 4 ga watan Yuli 1866 ta raba kimanin mutum 10,000 da muhallinsu, aka sake gina unguwar tasha da jan bulo. Layin dogo da ya haɗa garin da Montreal tun 1853 ya mai da shi mashigar kayan Kanada a lokacin hunturu, sa'ad da kogin Saint Lawrence ke daskarewa. Amma a shekarun 1920 Kanada ta karkata cinikinta zuwa nata tashoshin, Halifax da Saint John. Daga baya, da aka buɗe katafariyar kasuwar zamani a wajen gari a 1971, masu saye suka ƙaurace wa tsakiyar birni, manyan ɗakunan ajiya suka zama kufai.

Wannan kufai shi ya zama jarin zamani na gaba, domin haya ta yi arha, gine-ginen kuwa suna da ƙwari. Bugu da ƙari, rushe tsohuwar tashar jirgin ƙasa a 1961 ya farkar da mutanen gari, suka kafa ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine a 1964. A ɗaya gefen, madafan giya a Amurka sun ragu zuwa ƙasa da 100 a ƙarshen shekarun 1970, manyan kamfanoni kaɗan suka mamaye kasuwa. Dokar 1978, wadda ta halatta wa mutum ya dafa giya a gidansa, ta yaye sababbin masu sana'a. A Portland kamfanin Geary ya fara sayar da tasa a 1986, Shipyard ya biyo baya a 1994, Allagash kuma a 1995. Gidan abinci na Fore Street, wanda aka buɗe a 1996, ya kafa al'adar girki da abin da masunta da manoman yankin suka kawo. A 2018 mujallar Bon Appétit ta zaɓi Portland a matsayin birnin gidajen abinci na shekara.

To, amma kowane allazi da nasa amanu. Da baƙi suka yawaita, sai darajar filayen bakin ruwa ta hau, masu otal da gidajen alfarma suka fara zawarcin matsayar jiragen masunta. A 1987 mutanen gari suka jefa ƙuri'ar raba gardama, suka taƙaita gine-ginen da ba su shafi aikin teku ba. An sassauta ƙa'idar daga baya, har masunta suka sake ɗaga murya a 2018. Ga shi kuwa kifin da gidajen abinci ke tinƙaho da shi daga hannun waɗannan masunta yake fitowa, kuma tsadar haya tana tura masu girki da masu wanke-wanke zuwa wajen gari.

Darasi ga ma'aikacin hukuma a nan guda biyu ne. Na farko, dokar da ta fi shekara 70 tana aiki ba ta sauya halin garin kamar yadda layin dogo da kuɗin haya suka sauya shi ba. Na biyu, farfaɗo da tsohuwar unguwa ba ya kammala sai an tanadi wuri ga masu sana'ar da suka ba ta sunanta tun asali. Rikicin 1855 da ƙuri'ar 1987 duka a kan leburan tasha suka tsaya, da matsayinsa a garin da yake yi wa aiki.