Tsafi a Idon Kyamara: Tarihin Finafinan Ban Tsoro Daga Haiti Zuwa Ƙasar Hausa

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin yadda finafinan ban tsoro masu ƙaramin jari suka riƙa ɗaukar al'adun bautar iskoki na baƙar fata suna mayar da su abin firgitarwa, tun daga Amurka har zuwa ƙasar Hausa. Za a duba matakai uku na wannan tarihi, sannan a auna illar da ya yi wa ma'anar wasu kalmomin Hausa, domin nan ne batun ya shafi masu nazarin harshe.

2.0 Mafarin Al'amarin

Kalmar vodun ta harshen Fon ce na ƙasar Dahome, wato Jamhuriyar Benin ta yau, kuma ma'anarta ta yi daidai da abin da Bahaushe yake kira iska. Bayin da aka kwashe zuwa Haiti sun tafi da wannan addini. Lokacin da sojojin Amurka suka mamaye Haiti, daga 1915 zuwa 1934, labaran tsafin mutanen tsibirin suka cika jaridun Amurka. Littafin William Seabrook mai suna The Magic Island (1929) shi ya yayata labarin zombi, wato gawar da matsafi ya tayar domin ta yi masa bauta.

A 1932 Victor Halperin ya shirya fim ɗin White Zombie ba tare da goyon bayan manyan kamfanoni ba. An ɗauke shi cikin kwana 11 a kan kimanin dala 50,000, kuma Bela Lugosi ne ya fito a matsayin matsafin. Dalilin da ya sa masu ƙaramin jari suka rungumi wannan jigo a fili yake. Duhu da ganga da kyandir da 'yan wasa masu tafiyar gawa ba su cin kuɗi, amma suna tsorata mai kallo. Ta haka addinin jama'a guda ya koma kayan kasuwa, aka manta da cewa akwai magani da zumunci da tarihi a cikinsa.

3.0 Hauka da Babule

Mataki na biyu ya faro ne daga ƙasar Hausa ta Nijar. A 1925, a yankin Kurfai na gundumar Filinge, wasu sababbin iskoki suka bayyana a kan wata mata mai suna Shibo da mabiyanta. Waɗannan iskoki, da ake kira Babule ko Hauka, suna kwaikwayon sojoji da hukuman Faransa, suna fareti, suna wasa da wuta. Al'amarin ya bazu har cikin ƙasar Arawa ta Dogon Dutse. Kwamandan Faransa na Yamai, Crocicchia, ya kama mabiyan ya ɗaure su, amma daga baya shi kansa ya shiga jerin iskokin da laƙabin Kwamanda Mugu.

'Yan ci-rani daga Nijar suka kai wannan al'ada Gwalkwas, wato Gana ta yau. A can ne Jean Rouch ya ɗauki bikinsu na shekara da 'yar ƙaramar kyamarar hannu, ya fitar da Les Maîtres Fous a 1955. Fim ne na nazarin al'ada, amma kumfar baki da zare ido da yankan kare da aka nuna sun sa masu kallo da yawa suka karɓe shi tamkar fim ɗin ban tsoro. Turawan Ingila sun hana nuna shi a Gwalkwas, wasu 'yan bokon Afirka kuma suka yi tir da shi. Abin lura a nan shi ne, abin da yake ba'a ga mai mulki a wurin masu yinsa, ya zama shaidar dabbanci a wurin baƙon ido.

4.0 Zamanin Bidiyo

Mataki na uku na 'yan gida ne. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake ɗauka a matsayin fim ɗin bidiyo na kasuwa na farko da Hausa. A 1992 kuma Kenneth Nnebue ya fitar da Living in Bondage da harshen Ibo, labarin wani mutum da ya sadaukar da matarsa ga ƙungiyar asiri domin ya sami dukiya. Karɓuwar wannan fim ta sa tsafin kuɗi ya zama babban jigo a finafinan Kudu, kaset-kaset ɗinsu kuwa sun shiga gidajen Arewa.

Masu shirya finafinan Hausa sun fi karkata ga soyayya da waƙa, amma ba su bar tsafi a baya ba. Boka ya zama ɗan wasan da ake nema idan kishiya ta so raba aure ko ɗan siyasa ya so kujera. Kamanninsa kusan ɗaya ne ko'ina: kogo ko dokar daji, jan ƙyalle, ƙahoni da ƙwarya, da dariyar ƙeta. Bayan ƙaddamar da shari'a a Kano a 2000 da kafa Hukumar Tace Finafinai ta jihar a 2001, aka sami finafinan da suke nuna gwabzawar Musulunci da arnanci. Krings (2005) ya yi nazarin wannan rukuni, ya nuna yadda aka siffanta arna da siffar masu shan jini, wadda aka aro daga finafinan ƙetare. Daga Kano waɗannan finafinai suka isa sauran birane, har ya kasance yaron da ya tashi a unguwa irin Arawa ta birnin Gombe ya fi sanin boka ta talabijin fiye da ta bakin kakarsa.

5.0 Tasiri a Kan Ma'ana

Hausa ta bambanta abubuwa huɗu. Bori hawan iska ne, yana da girka, da dawaki da goɗiyoyi, da kiɗan garaya da goge, da iskoki masu suna da kirari kamar Ɗan Galadima da Sarkin Rafi da Inna da Kure. Tsafi bauta ce ta hanyar yanka, irin ta Maguzawa wadda Greenberg (1946) ya bayyana. Bokanci sana'ar magani ce da duba. Maita kuwa kama kurwar mutum ce, kuma ba a ɗaukar ta sana'a. Tremearne (1914) da Besmer (1983) sun nuna cewa bori yana da tsari da muƙamai irin na fada.

Fim ya tattara huɗun nan ya zuba a tukunya ɗaya. Boka ɗaya ne yake hawan iska, yake yanka, yake cin kurwa. Sakamakon haka shi ne ma'anar boka ta ƙuntata zuwa mugu kawai, tsafi kuma ya faɗaɗa ya haɗiye sauran ukun. Wannan shi ne irin abin da ya sami kalmar vodun a bakin Turawa.

6.0 Kammalawa

Malaman jihadi na 1804 sun yaƙi bori, amma sun san abin da suke yaƙa, sun kuma kira shi da sunansa. Hukuncin addini a kansa sananne ne, kuma ba shi ne batun wannan maƙala ba. Abin da ya rataya a wuyan masu nazarin harshe shi ne su tattara kalmomi da kirarin wannan fage daga bakin dattawan da suka rage, su shigar da su ƙamus da ma'anoninsu na asali. Idan aka yi sake, nan gaba mai karanta tsofaffin littattafai zai tarar da kalmomi huɗu, alhali ma'ana ɗaya tak ya gada.