Tarihin Dangi da Kumburin Babbar Jijiyar Ciki: Hujjojin Bincike da Amfaninsu ga Malanville

Tsakure

Maƙalar ta bi diddigin hujjojin da ke nuna cewa kumburin babbar jijiyar jini ta ciki yana bin dangi, sannan ta auna yadda za a yi aiki da su a Malanville da ke jihar Alibori, arewacin Benin. Matsayarta ita ce, tambayar tarihin dangi ta fi kowane gwaji araha, amma ba za ta yi amfani ba sai an gyara yadda ake yin ta.

Gabatarwa

Babbar jijiyar da ke ɗauko jini daga zuciya tana gangarowa ta ƙirji ta shiga ciki, ta rabu biyu daura da cibiya. Faɗinta kusan santimita 2 ne. Idan bangonta ya raunana sai ya buɗe kamar tsohon tiyon ruwa, kuma da ya kai santimita 3 an kira shi kumburi. Galibi ba ya ciwo. Ranar da ya fashe kuwa, kusan mutum 8 cikin 10 ba sa tashi. Shi ne ajalin Albert Einstein a 1955.

Abin da bincike ya nuna

A 1977 Clifton ya ba da rahoton 'yan'uwa maza 3 a Ingila, kowannensu jijiyar ta fashe masa. A 1986 Johansen da Koepsell a Amurka suka gano cewa kimanin kashi 19 cikin ɗari na masu cutar suna da ɗan'uwa na jini mai ita, alhali a rukunin da aka gwada su da shi adadin bai kai kashi 3 ba. Binciken Larsson da abokan aikinta a Suwidin a 2009 ya nuna haɗarin yana ninkuwa biyu ga wanda iyayensa, ɗan'uwansa ko ɗansa ya yi ta. Nazarin tagwaye na Wahlgren a 2010 ya ƙiyasta rabon gado da kashi 70.

Wannan adadi bai kamata ya ruɗi mai karatu ba. Ba ƙwayar gado ɗaya ce ke ɗauke da cutar ba, tarin ƙwayoyi ne, kuma shan taba ya fi komai tunzura ta, sai tsufa da kasancewa namiji. 'Yan gida ɗaya sukan gaji jini, su kuma gaji sigari.

Magani kuwa a fili yake. Gwajin MASS na 2002 a Birtaniya, mai maza 67,800 'yan shekara 65 zuwa 74, ya nuna sikanin ciki yana rage mace-macen cutar da kusan kashi 42. Ana tiyata idan faɗin ya kai santimita 5.5 ga namiji. Ƙungiyar likitocin jijiyoyin jini ta Turai, a ƙa'idojinta na 2019, ta ce ana iya duba duk wanda ya kai shekara 50 in yana da ɗan'uwa na kusa mai cutar.

Malanville

Yawancin waɗannan alƙaluma daga Turawa aka samo su. Binciken tsofaffin sojojin Amurka na 1997 ya sami cutar ba ta kai haka yawa a baƙar fata ba, a kudancin Afirka kuma an ga kumburin jijiya a matasa masu ƙanjamau. Don haka kwaso tsarin Ingila kacokan, a tara kowane dattijo a yi masa sikanin, ba dabara ba ce. Abin da ya dace shi ne a bi gidajen da cutar ta riga ta taɓa.

Matsalar tana ɗakin duba marasa lafiya. In aka ce wa ɗan kasuwa, "Malam, akwai mai wannan cuta a danginku?" zai ce babu, kuma gaskiyarsa. Wanda jijiya ta fashe wa da safe, kafin la'asar an kai shi makwanci ba tare da binciken gawa ba, 'yan'uwa su ce ciwon ciki ne ya murɗe shi, kwana ya ƙare. Tambayar da za ta fito da amsa ita ce: cikin iyayenka da 'yan'uwanka, akwai wanda ya haura 50, ciwon ciki ko na baya ya kama shi farat ɗaya, ya sume, ya rasu a yinin? Sai a bi da wata: ciki ɗaya kuke ko 'yan uba? Shaƙiƙai suna tarayya a rabin ƙwayoyin gado, 'yan uba a kwata, kuma a gidajen mata biyu ko uku rashin bambance su yana ɓata lissafi. A rubuta har dangin da ke ƙetaren kogi, a Gaya ko Kamba.

Na'urar sikanin da ake duba masu juna biyu ta isa ta auna jijiyar cikin 'yan mintoci. Tsakanin Malanville da Kwatano, inda babban asibitin koyarwa na ƙasa yake, akwai fiye da kilomita 700. Wanda jijiyarsa ta fashe da wuya ya kai can da rai, wanda aka gano da wuri kuwa yana da lokacin shiri.

Shawara

Asibitin yankin Malanville da Karimama ya sa waɗannan tambayoyi a katin duk wanda ya haura 50, a koya wa masu sikanin auna jijiyar, a adana sakamakon a rajista. Wanda aka samu da kumburi, a taimaka masa ya bar taba, a kula da hawan jininsa, kuma a nemi ya turo 'yan'uwansa na ciki ɗaya a duba su.