Tarihin Talabijin a Ƙasarmu: Daga Ɗakin Lakwal Zuwa Dandalin Gari

Ƴan uwa maza da mata, ɗaliban makarantun yaƙi da jahilci na Agye da Gazawa da Gidan Rumji, da duk wanda ke saurarenmu.

Yau hirarmu a kan akwatin nan ne mai hoto da magana, wanda muke kira tele, wasu kuma su ce talabijin. Yaron yau ya buɗe ido ya tarar da shi a wurin mai shayi, sai ya yi zaton tun asali yana nan. Alhali kuwa akwai dattawa a cikinku da suka girme shi a ƙasar nan. Za mu ji inda ya fito, da wanda ya kawo shi, da aikin da aka kawo shi ya yi. Ku ajiye alƙalami kusa, don akwai shekarun da za ku rubuta.

Rediyo ce ta riga zuwa

Kafin ido ya gani, kunne ne ya fara ji. An buɗe gidan rediyon Nijar a Yamai a shekarar 1958, saura shekara biyu ƙasa ta sami mulkin kai. Shi ne daga baya aka raɗa wa suna Muryar Sahel.

A 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo. Ga yadda suke aiki. Da maraice mutanen gari su taru. Mai jagora, galibi mushen lakwal, ya kunna rediyo a saurari shiri a kan noma, ko kiwo, ko lafiya. In an gama, kowa ya faɗi ra'ayinsa. Mai jagora ya ɗauki maganganun a faifai ya aika Yamai. Bayan ƴan kwanaki sai manomi ya ji muryarsa tana fita daga rediyo, ƙasa duka na saurare. Ku riƙe wannan da kyau: magana tana zuwa, tana kuma komawa. Za mu sake dawowa kansa.

A 1967 gwamnati ta kafa ma'aikatar da ke kula da rediyo da talabijin, wadda aka sani da ORTN.

Akwatin ya shigo a matsayin malami

A duniya, Ingila tana cikin ƙasashen farko da suka fara nuna talabijin a kai a kai, a 1936. A maƙwabciyarmu Nijeriya, an fara a Ibadan a 1959, sannan a Kaduna a 1962. Namu ya zo a 1964, zamanin shugaba Diori Hamani, da taimakon ƙasar Faransa. Amma zuwansa ya sha bamban da na sauran. Bai sauka a gidajen masu hali ba. Ɗakin lakwal ya sauka.

Dalili shi ne ƙarancin malamai. A lokacin, yaran da ke zuwa lakwal kaɗan ne ƙwarai, masu koyar da su kuma sun fi su ƙaranci. Sai aka yi shawara: a sami ƙwararrun malamai a Yamai, a ɗauki darasinsu a hoto, akwati ya kai shi azuzuwa da yawa a lokaci guda. An fara gwaji a cikin Yamai. A 1966 aka kai shi makarantu wajen 20 na kewayen birnin, masu yara wajen 800.

Darussan gajeru ne, kowane bai kai rubu'in awa ba. In hoto ya ɗauke, mai kula da aji ya tashi ya maimaita da yara, su yi tambaya, su yi rubutu a allo. Yara sun so abin, har labarinsa ya kai wasu ƙasashe. Kodebuwa ma ta buɗe irin nata a 1971.

Sai dai akwai cikas guda uku. Na farko, da Faransanci ake koyarwa, harshen da yaro bai taɓa ji a ɗakin uwarsa ba. Na biyu, aikin yana cin kuɗi da yawa. Na uku, hoton bai iya tafiya nesa a lokacin. Yaron Cadawa, ko na Gangara, ko na Cadakwari, yana can nesa da shi.

Rana ta zama wuta

Ga kuma wata matsala. Akwati ba ya aiki sai da wutar lantarki, ƙauye kuwa babu ita. Da farko da batir ake yi, shi kuma yana ƙarewa, yana da tsada. A 1968 aka yi gwaji a lakwal ɗin Gudel, kusa da Yamai. Aka kafa wani faranti mai shan hasken rana yana mai da shi wuta, akwati ya kama. Ranar nan da ke ƙona mu a gona, ita ce ta zama maganin matsalar.

A nan ya kamata mu tuna wani ɗan jaharmu, Farfesa Abdu Mumuni. An haife shi a Tasawa a 1929. Ya shugabanci ma'aikatar binciken ƙarfin hasken rana ta ƙasa shekaru masu yawa. Ya rasu a 1991, kuma sunansa ne jami'ar Yamai take ɗauke da shi. In ka ga farantin hasken rana a kan rufin likita ko bakin famfo, ka tuna cewa tun da daɗewa ƴan ƙasar nan suke wannan bincike.

Haihuwar Tele Sahel

A watan Afrilu na 1974 soja suka karɓi mulki, Seyni Kunce ya zama shugaba. A shekarun da suka biyo baya, ma'adinin uraniyom na Arlit ya yi daraja a kasuwar duniya, kuɗi suka shigo baitulmali. Da su aka yi hanyoyi da gine-gine, da su kuma aka mai da talabijin ɗin lakwal ya zama na ƙasa baki ɗaya. A 1979 aka buɗe Tele Sahel, da hoto mai launi. Da farko wasu ranaku ne kawai a mako, da dare. Daga baya aka koma kullum.

Wani zai ce, yaya hoto ke tasowa daga Yamai ya iso Gazawa? Tsakanin Yamai da Maraɗi ya fi kilomita 600. Hoton talabijin kuwa kamar hasken tocila yake, miƙe yake tafiya, in ya yi nisa sai ya ɓace. Don haka aka kakkafa dogayen ƙarafa a kan hanya. Wannan ya karɓa ya miƙa wa na gaba, na gaba ya miƙa wa na gabansa, kamar yadda masu gini suke miƙa wa juna tubali. Ta haka hoton ya biyo babbar hanyar da ta ratsa Gidan Rumji da Cadawa da Agye da Gazawa, ta wuce Tasawa zuwa Damagaram.

Akwati ɗaya, gari guda

Talaka ba shi da kuɗin sayen akwati. Sai gwamnati ta rarraba akwatunan jama'a a garuruwa da manyan ƙauyuka, da yawa daga cikinsu masu aiki da hasken rana. Galibi a hannun samariya ake danƙa su.

Ni da nake muku magana ban riski wannan zamani ba. Mahaifina ne ya ba ni labari. Ya ce in an yi sallar isha'i, sai a fito da akwati dandali a ɗora bisa tebur. Yara su zauna a ƙasa can gaba. Dattawa su shimfiɗa tabarmi. Mata su tsaya gefe guda da goyo. Masu tallan gyaɗa da rake su kewaye wurin. Har mutanen ƙauyukan kusa sukan tako da ƙafa, su koma cikin dare suna maimaita abin da suka gani. Ya ce ranar da ya fara ganin shugaban ƙasa yana magana, bakinsa na motsi, sai da ya gyara zama. Hausawa sun ce gani ya kori ji.

Me ake nunawa?

Da farko akwai labaru, da Faransanci da kuma harsunan ƙasa: Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Buzanci, Barbarci. Mai jin Hausa yakan jira lokacinsa, in ya zo a yi tsit.

Akwai shirye-shiryen wayar da kai: zaɓen iri, ajiyar hatsi, rigakafin yara da na dabbobi, tsabtar rijiya, dashen itace. Bayan taron ƙasa na yaƙi da hamada da aka yi a Maraɗi a 1984, shekarar babban fari, maganar itace ta ƙara ƙarfi.

Akwai wasan kwaikwayo da Hausa. Wa zai manta da Yazi Dogo da ƴan wasansa na Damagaram? Shi ma malamin lakwal ne. Sukan ɗauki abin da ke damun jama'a, kamar tsadar aure, ko cin hanci, ko almubazzaranci, su mai da shi abin dariya. Mutum na dariya, a zuci kuwa ya san da shi ake.

Akwai bikin matasa na ƙasa, inda kowace jaha ke kawo waƙa da rawa da wasanninta. Sai kuma uwa uba, kokowa. An fara gasar ƙasa a Tawa a 1975, kuma ɗan Maraɗi ne, Yakuba Kantu, ya yi nasara a karon farko. Da akwati ya zo, wanda bai taɓa shiga filin kokowa na birni ba ya ga kaye da idonsa yana zaune a garinsu. Har yau, in ana gasar takobi, kasuwa kanta takan yi sanyi.

Ta haka Bagobirin Tsibiri ya ga Ba'azbine bisa raƙumi a dutsen Ayar, ya ga masunci a kogin Kwara. Ya gane cewa duk ƴan ƙasa ɗaya ne da shi. Wannan babban aiki ne, kada mu raina shi.

Inda aka gaza

Amma tarihi ba ya son ɓoye-ɓoye. Akwatin malami ne wanda ba a iya ɗaga masa hannu a yi tambaya. Daga Yamai magana take saukowa, ba ta cika komawa ba. Gida ɗaya ne tak, na gwamnati, abin da ta ga dama shi ake gani. Abin nan mai kyau na kulob ɗin rediyo, wato manomi ya mayar da amsa, ya yi ƙaranci a talabijin.

Alhali ƙauye ma yana da abin koyarwa. Ku dubi Ɗan Saga a ƙasar Agye. Manoma ne da kansu suka riƙe dabarar barin tohon itace a gona suna yi masa sassabe, har gonaki suka sake yin inuwa. Yau baƙi daga wasu ƙasashe suna zuwa gani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi kuma ya san inda ya toshe.

Gazawa ta biyu ita ce gyara. Da darajar uraniyom ta faɗi bayan 1980, kuɗi suka ja baya. In batir ya mutu, sai a zauna jiran a zo daga birni. Ni na tarar da namu akwatin a wani ɗaki, ƙura ta rufe shi, kaji suna ƙwai a bayansa. Kowa na cewa kayan gwamnati ne. Da an ce namu ne, da an yi karo-karo an gyara.

Ƙofa ta buɗe

Bayan babban taron ƙasa na 1991, aka ba masu zaman kansu izinin buɗe gidajen watsa labaru. Rediyoyi suka fara, har aka sami na ƙauyuka masu magana da harshen wurin. A 2000 gidan Tenere ya buɗe talabijin mai zaman kansa na farko. A 2001 gwamnati ta ƙara tasha ta biyu, Tal TV. A 2022 aka sake wa ORTN suna, ta koma RTN, tana kuma da reshe a Maraɗi mai aika labarun jaha. A 2025 aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa.

A gefe guda kuma, finafinan Hausa na Kano suka cika gidajen kallo. Faranti mai kamo tashoshi daga tauraron ɗan'adam ya hau rufin gidaje. Yanzu ga salula, akwati ya shiga aljihu. Da can gari guda ke kallon abu ɗaya, in an tashi a tattauna. Yau kowa da nasa, shi kaɗai. Gaskiya da ƙarya kuma ta ƙofa ɗaya suke shigowa.

Abin da ya rage gare mu

A nan karatunku yake da rana. Wanda ya iya karatu zai duba rubutun da ke gudu a ƙasan hoto, ya ga sunan mai magana, da garin, da ranar. Zai rubuta sunan maganin da likita ya faɗa, ko ranar rigakafi, kada ya manta. Zai tambayi kansa: wa ya faɗi wannan, kuma yaushe? Fiye da haka, zai iya ɗaukar takarda ya rubuta wa gidan rediyo ko na talabijin: ga abin da ke damun garinmu, ga kuma abin da muka iya, ku zo ku gani. Amsar da iyayenmu suka rasa hanyar mayarwa, ku kuna da alƙalamin rubuta ta.

Ga tambayoyi uku da za ku tattauna a aji tare da malaminku.

1. A wace shekara talabijin ya shigo Nijar, kuma wane aiki aka kawo shi ya yi?

2. Ku tambayi wani dattijo ko wata dattijuwa ranar da suka fara ganin akwati. Ku rubuta abin da suka faɗa cikin layi biyar.

3. In masu ɗaukar hoto suka zo garinku gobe, me za ku nuna musu?

Ku ba malaminku amsoshin ya aiko mana. Za mu karanta wasu daga ciki a shiri na gaba, in Allah ya kai mu. Allah ya ba mu damina mai albarka. Mu kwana lafiya.