Yadda Aka Fara Ciyar da Matafiya a Filin Jirgin Saman Kano

Ranar 1 ga Nuwamba, 1925, a zamanin Sarkin Kano Usman, jirage uku na sojan saman Ingila suka iso Kano daga Masar, wani hafsa mai suna Arthur Coningham yana jagorantarsu. A filin sukuwa suka sauka, domin babu filin jirgi a lokacin, balle ɗakin da baƙo zai zauna ya kurɓi ruwa. Su ne jiragen farko da suka taɓa ƙasar Najeriya. Sai a 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara kawo wasiƙu da fasinja daga Khartum, yana ratsowa ta Fort Lamy, wato Injamena ta yau, da Maiduguri.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya fara ɗora tukunya a filin jirgin Kano. Daga 1940 aka riƙa haɗa jiragen yaƙi a Takoradi ta ƙasar Gana, ana tuƙo su ta Legas da Kano da Maiduguri har zuwa Alƙahira. Matuƙa da makanikai suna yada zango a Kano, kuma wanda ya kwana dole ya ci. Haka aka samu kuku da boyi da mai wanki a gefen titin jirgi.

Bayan yaƙi ne kasuwa ta buɗe sosai, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Jiragen wancan zamani masu farfela ne, tankinsu ba ya kai su daga Turai zuwa Johannesburg ko Kwango a tashi ɗaya. Kano ce masauki a bakin Sahara, kamar yadda ta kasance ga ayarin raƙuman Ghadames ɗaruruwan shekaru kafin nan. Kamfanin KLM ya fara zuwa a 1947, ga BOAC na Ingila, ga Sabena na Beljiyam. Jirgi ya sauka, masu mai su kewaye shi, fasinjoji su sauko suna miƙa ƙafa, a wuce da su ɗakin cin abinci inda aka jera tebura da fararen mayafai da cokula. A bakin ƙofa 'yan koli sun baje tintimi da jakunkuna da takalman jar fatar Kano, ana ciniki da yatsu saboda babu harshen da ya haɗa mai saye da mai sayarwa. Akwai kuma wani mutum a kan raƙumi, da rawaninsa, yana busa kakaki idan jirgi ya doso. Hotonsa ya zaga duniya, kuma Turawa da yawa abin da suka sani game da Kano ke nan. A 1957 aka buɗe sabon ginin fasinja domin ɗaukar wannan cunkoso.

Amma a faɗi gaskiya, wannan tebur ba na ɗan ƙasa ba ne. Shi ya dafa, shi ya ɗauko faranti, shi ya wanke, mai wucewa ya ci ya tafi. Da manyan jirage masu dogon zango suka fito a shekarun 1960, suka riƙa ƙetare Kano ta sama, cinikin ya yi ta ja baya. KLM ne ya fi daɗewa, shi ma ya nannaɗe tabarmarsa a 2012.

Abin da ya kawo talaka filin jirgi aikin Hajji ne. A 1948 attajiran Kano irin su Alhaji Haruna Kassim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash da Alhaji Muhammadu Nagoda suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai, wadda ta fara da motoci, daga baya harkar ta koma sama. Tafiyar da a da take cin shekaru ta Chadi da Sudan ta zama ta awoyi. Mutanen Birnin Kudu da Gwaram da ƙauyuka irin Yalwan Damai, waɗanda a ƙarƙashin Kano suke har zuwa ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, sukan cika mota su rako maniyyaci ɗaya. Jirgi kuwa ba ya tashi don an iso. A kan yi kwanaki a sansanin alhazai ana jiran kira. Nan kasuwar abinci ta gaskiya ta kafu. Mai shayi ya kafa teburinsa, ya jera burodi da gwangwanayen madara, butarsa tana tafasa tun kafin kiran assalatu. "Alhaji, mai kauri ko ruwan bunu?" Ana kiran mutum Alhaji tun bai taka jirgi ba, shi kuma yana amsawa da murmushi. Gefe ga mai ƙosai, ga mai fura, ga mai tsire da dare. A cikin jaka kuma ga guzurin gida: dambun nama, kilishi, yaji, kuka da daddawa, saboda kowa ya ji labarin abincin Makka ba ya karɓar cikin kowa.

A wasu ƙasashe tarihi irin wannan jari ne. A filin jirgin Kennedy na New York an mayar da tsohon ginin kamfanin TWA na 1962 otal a 2019, har aka ajiye tsohon jirgi samfurin Constellation a harabarsa, mutane suna shiga ciki su zauna su sha abin sha. Filin jirgin Kano, wato filin Malam Aminu Kano, ya girmi wancan gini nesa ba kusa ba, amma fasinja zai iya cin shinkafarsa, ya sha lemonsa, ya hau jirgi bai san a ina ya zauna ba. Wannan yana damuna ƙwarai. Bangon ɗakin shan shayi ɗaya ya isa ya ɗauki hoton jiragen 1925, da mai kakaki, da zuwan Sarauniya Elizabeth a 1956, da jumbo ɗin Kabo Air na Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo. Ya kuma ɗauki tunawa da mutum 176 da suka rasu ranar 22 ga Janairu, 1973, lokacin da jirgin da ya ɗauko alhazai daga Jidda ya yi haɗari wajen sauka. Da yawa cikin jikokinsu suna bi ta wannan fili.

Tun 2014, da aka buɗe filin jirgin Dutse a zamanin Gwamna Sule Lamido, maniyyatan Jigawa daga can suke tashi. Ɗan Yalwan Damai yanzu yana iya raka mahaifinsa da safe ya kwana a gida, masu shayi da masu ƙosai kuma sun bi alhazai zuwa Dutse.