Tsarin Mulkin Gidauniyar Tunawa da Shugaba: Asalinsa da Amfaninsa

Tun zamanin da, mutanen ƙasar Kabi suna da hanyoyinsu na raya sunan shugaban da ya shuɗe. Akwai kirari da waƙa, akwai kuma kula da kushewa da kayan sarauta. A shekarar 1958 aka mayar da tsohuwar fadar Argungu Gidan Tarihi na Kanta, inda sarakunan Kabi da dama suke kwance. Shari'ar Musulunci kuma ta zo da hubusi, wato a tsare asalin dukiya, a sadaukar da amfaninta bisa sharuɗɗan da mai ita ya gindaya. Zamani ya ƙaro hanya ta uku, ita ce ƙungiya mai rajista wadda ba ta neman riba, ta ɗauki sunan marigayi ta yi aiki da shi. Ƙarfin irin wannan ƙungiya kuwa yana cikin takardar da ta kafa ta.

Asalin dokar yana komawa ga shekarar 1924, lokacin da gwamnatin Turawa ta yi doka domin ƙungiyoyin addini da na ilimi su iya mallakar fili ta hannun amintattu. Hikimar ita ce, amintattu suna mutuwa, amma kujerarsu ba ta mutuwa, saboda haka dukiyar ba ta faɗawa cikin rabon gado. A 1990 gwamnatin Janar Babangida ta shigar da wannan tanadi cikin Dokar Kamfanoni, ta kuma kafa Hukumar Rajistar Kamfanoni. Wajibi ne tsarin mulkin ƙungiya ya bayyana sunanta da manufofinta, da yadda ake naɗa amintattu da tuɓe su, da inda hatimi yake zama, da yadda ake binciken kuɗi. Sai a buga sanarwa a jaridu biyu, a saurara kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Ba a raba wa 'yan ƙungiya riba, kuma idan ta rushe, abin da ya rage na dukiya sai ya koma ga wata mai irin manufarta.

Gidauniyar Murtala Muhammed misali ce a fili. Shi ne ya ƙirƙiro Jihar Sakkwato ranar 3 ga Fabrairu 1976, wadda daga cikinta aka fitar da Jihar Kebbi a 1991, aka kuma kashe shi kwana goma bayan sanarwar. An sa sunansa a filin jirgin saman Legas, an buga hotonsa a takardar naira 20. Amma filin jirgi da takardar kuɗi ba sa koyar da kowa. Sai a farkon shekarun 2000 aka kafa gidauniyar, 'yarsa Aisha Muhammed-Oyebode ta ja ragamarta, Cif Obasanjo wanda ya gaje shi ya shugabanci amintattunta. Ta haka aka sami lacca ta shekara-shekara, aka kuma tsaya wa iyayen 'yan matan Chibok bayan sace su a 2014.

Doka ba ta tsaya nan ba. A watan Agusta 2020 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar Dokar Kamfanoni, wadda sashe na 839 nata ya ba hukuma damar dakatar da amintattu, ta naɗa masu riƙo. Ƙungiyoyin addini suka yi ca, suna ganin an buɗe wa gwamnati ƙofar ƙwace, har a 2023 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke hukuncin soke sashen. Gardamar ta nuna inda gizo ke saƙa: ana bukatar mai sa ido a kan amintattu, ana kuma tsoron mai sa idon ya zama mai gida.

Wannan batu ya shafi kwarin Rima kai tsaye. Alhaji Shehu Shagari, wanda ya mulki Nijeriya daga 1979 zuwa 1983, ya rasu a 2018, ya yi hedimasta a Argungu a farkon shekarun 1950. Duk wanda zai zauna a Birnin Kebbi ko Argungu ya rubuta tsarin ƙungiya da sunan irin wannan malami, tambayoyi uku ne za su fuskance shi. Shin manufar ta fito fili, kamar horar da malamai ko adana takardu, ko kuwa yabo ne kurum? Wa zai naɗa amintattu bayan 'ya'ya da abokan marigayi sun kau? Kuɗin kuma, daga dukiya tsayayya za su riƙa fitowa, ko daga alherin gwamnan da ke kan kujera? Ɗalibi da ma'aikacin gwamnati su ne za su rubuta irin waɗannan takardu, su kuma adana su. Idan suka amsa tambayoyin nan da kyau, ƙungiyar za ta ci gaba da aiki bayan duk waɗanda suka san marigayin ido da ido sun bi shi.